Aikin Mai Bita: Baturiya da Wikipedia ta Hausa

Idan ɗalibin sakandare a Kirikasamma ya ari wayar yayansa domin ya nemi bayani a kan Baturiya da harshen Hausa, da wuya binciken ya kai shi wani wuri kafin ya kai shi Wikipedia. Dalilin a fili yake. Abin da masana suka rubuta game da fadamun Haɗeja kusan duk da Turanci yake, kuma yana jibge a ɗakunan karatu na jami'o'i da ofisoshin hukumomi, inda ƙafar yaron ba za ta taka ba. Ke nan abin da wasu 'yan sa-kai suka rubuta a wayoyinsu, a Kano ko Kaduna ko Katsina, shi zai zama iliminsa na takarda game da garin da aka yanke masa cibiya. Wannan kaɗai ya isa a ɗauki Wikipedia ta Hausa a matsayin rubutun da ya cancanci nazari, a auna shi da ma'aunin da ake auna littafi.

Kafin suka, wajibi ne a ba masu aikin haƙƙinsu. Tun da aka kafa Wikipedia a 2001, tsarinta bai sauya ba: kowa na iya gyara muƙala, kowane gyara yana nan a ajiye a shafin tarihi da sunan mai shi da lokacin da ya yi, sannan kowace muƙala tana da shafin tattaunawa inda editoci ke warware saɓani. Matasan da suka rungumi sashen Hausa, waɗanda da yawansu ke ƙarƙashin ƙungiyar Hausa Wikimedians User Group, ba albashi ake ba su ba. Duk da haka sun tara dubun dubatar muƙalu a cikin 'yan shekaru, abin da babu wata cibiyar nazarin harshe ko hukumar gwamnati da ta taɓa yin kwatankwacinsa da Hausa. Wanda bai ɗauki kaya ba bai san nauyinsa ba, don haka duk abin da zan faɗa a gaba ina faɗarsa ne da sanin wannan.

Sai dai kundin sani hannu biyu ke gina shi. Na farko ya rubuta, na biyu ya bi baya ya duba. A ganina hannun farko ya yi wa na biyu nisa ƙwarai a Wikipedia ta Hausa. Gasannin da ake shiryawa sun fi karkata ga ƙidayar sababbin muƙalu, kuma akwai manhajar fassara da ke ɗauko muƙalar Turanci ta juye ta zuwa Hausa cikin ƙiftawar ido, ta bar wa edita aikin gyara. Mai gaggawa kuwa yakan wallafa kafin ya gyara. Wanda ya kwana yana tsefe muƙalar wani, jimla bayan jimla, ba a cika kiran sunansa ranar rabon kyauta ba, alhali aikinsa ne ke raba kundin sani da tarin shafuka. Baturiya wuri ne mai kyau na gwada wannan magana, domin duk irin tuntuɓen da muƙalar da ba a yi wa bita ba kan yi, ana iya yin sa a kanta.

A fara da harshe. A Turanci, kalmar da ake kiran namun dajin da ake farauta da ita, ita ce kuma kalmar wasa, saboda haka na'ura na iya mayar da gandun namun daji wurin ajiye wasanni, kamar yadda take iya mayar da gaɓar kogi bankin ajiyar kuɗi. Irin wannan kuskure mai sauƙin kamawa ne, har yakan ba da dariya. Wanda ya fi shi illa shi ne wanda ba ya ba da dariya. Bature yana da kalma guda da ya tattara duk ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta, amma mutumin Haɗeja ya bambanta fadama da dausayi, ya bambanta tabki da kududdufi da gulbi, kuma kowanne da amfaninsa da lokacinsa: inda ake shuka shinkafa da damina, inda ake noman rani bayan ruwa ya janye, inda ake su, inda ake shayar da shanu. Muƙalar da ta zaɓi kalma ɗaya ta yi ta maimaitawa ba ta yi ƙarya ba, amma ta talauta harshen da take iƙirarin yi wa hidima. Haka batun tsuntsaye. Bahaushe ya san dinya da kirinjijiya da gauraka da zalɓe da shamuwa tun kafin a zo ƙirga su da tabarau mai hangen nesa. Idan muƙala ta bar sunayensu da Turanci ko Latin, ko ta kira su duka agwagwa, mai karatu na Baturiya zai ɗauka wasu baƙin halittu ake nufi, alhali su ne yake gani a bayan gari. Kayan aikin gyaran kuwa suna nan: ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunayen tsuntsaye da kifaye da itatuwa masu yawa, har yana nuna kalmomin da suka keɓanta da Haɗeja, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Sai gaskiyar bayani. An sanya Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ranar 30 ga Afrilu, 2008, da faɗin hekta 101,095. Ruwan da ke raya ta ambaliyar shekara-shekara ce ta kogin Kafin Hausa, ɗaya daga rassan kogin Haɗeja. Amma akwai takardun da har yanzu ke cewa tana jihar Kano, kamar ba a ƙirƙiri Jigawa ba tun 27 ga Agusta, 1991. Editan da ya kwafo daga irin wannan takarda ya bi ƙa'ida, domin ya kawo madogara, amma ya ɓatar da mai karatu. Ga kuma sunaye masu kama da juna da ke rikita wanda bai san yankin ba. Tabkin Nguru da mashigar Marma wani wurin Ramsar ne daban, wanda aka ayyana tun 2000. Dagona, inda ake zuwa kallon tsuntsaye, tana jihar Yobe. A 2020 UNESCO ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a matsayin keɓaɓɓen muhalli, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga gandun Baturiya zuwa gandun daji na ƙasa mai ɗauke da sunan Haɗeja. Abubuwa huɗu ko biyar ke nan, kowanne da iyakarsa da hukumarsa. Na'ura ba ta da hanyar rarrabe su, amma malamin makaranta a Guri ko Birniwa kallo ɗaya zai yi ya gane inda aka cakuɗa.

Inda na fi so in daɗe shi ne a kan tambayar da ba a cika yi ba: da idon wa aka kalli wurin? Mafi yawan rubutun Turanci da ke da sauƙin samu a intanet game da waɗannan fadamu masu kula da tsuntsaye ne suka yi shi, kuma da dalilinsu, tunda tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai suna sauka a nan kowace shekara. A irin wannan rubutu tsuntsu ne jarumin labari. Mutum kuwa yakan bayyana ne a ƙarshe, a ƙarƙashin babin barazana: mai kiwo fiye da kima, mai sare itace, mai kama kifi. Idan aka fassara wannan yadda yake, sai Bahaushe da Bafulatani da Babade da Bamange su karanta da Hausa cewa su ne matsalar ƙasar kakanninsu. Labarin da mutanen yankin za su fara bayarwa kuwa na ruwa ne. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duk a can sama a jihar Kano. Kafin nan kogin yakan cika ya batse da damina, ya ƙafe da rani. Da aka koma sakin ruwa duk shekara domin noman rani da shan birnin Kano, sai ciyawar kacala ta samu abin da take so, ta mamaye mashigai, ta tare laka, ta toshe hanyar ruwa. Wasu garuruwa ruwa ya kwanta a gonakinsu ya ƙi tashi, wasu kuma ya daina isa gare su. Cikin kacalar ne jan-baki ke samun mafaka, daga nan ya fito ya afka wa shinkafa da gero. Ambaliyar 2022, wadda ta yi wa masarautar Haɗeja mummunar ɓarna, tana cikin wannan dogon labari. Muƙalar da ta lissafo nau'o'in tsuntsaye ta tsallake Tiga da kacala ta saɓa wa ƙa'idar Wikipedia kanta ta rashin ɗaukar ɓangare, ko da kowace jimla a cikinta gaskiya ce.

Wani zai ce ai madogarar ce babu. Rabin maganar gaskiya ce, rabi kuwa uzuri ne. Tun 1993 ƙungiyar IUCN ta wallafa littafi guda a kan fadamun Haɗeja da Nguru, wanda Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tace, kuma ya yi bayani a kan noma da su da kiwo, ba tsuntsaye kaɗai ba. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun nuna cewa amfanin da ruwa ke samarwa idan aka bar shi ya malala fadama ya zarce wanda yake samarwa a manyan gonakin ban-ruwa na Kano. Waɗannan rubuce-rubuce suna nan, sai dai neman su da karanta su ya fi danna maɓallin fassara wahala. Ga jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga ta tarayya a Dutse, ga kwalejin Binyaminu Usman a cikin Haɗeja. Editan da ke ɗalibta a ɗayansu ya fi kowa kusa da kayan bita.

Rabin da ke gaskiya shi ne ilimin da bai taɓa hawa takarda ba. Dattijon masunci ya san sunan kowane tabki, ya san shekarar da wata mashiga ta toshe, ya san lokacin da ake hana su da wanda ake buɗe shi, amma Wikipedia ba ta karɓar "na ji daga bakin wane". An taɓa ƙalubalantar wannan ƙa'ida: a 2011 Achal Prabhala ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu na kafa hujja da hirar baka, amma tsarin bai samu karɓuwa ba. Ni dai ina tare da ƙa'idar, duk da zafinta. A ƙasar da gardama kan sarauta da iyakar gona da asalin gari ke iya raba zumunci, kundin da zai karɓi maganar kowa ba tare da shaida ba zai zama fagen rikici cikin mako guda. Mafita ita ce a bi da ilimin ta ƙofar da ke buɗe: ɗalibi ya yi hira da masunta ya rubuta kundin digiri, ɗan jarida ya buga a Aminiya, gidan rediyo ya watsa ya adana, sannan edita ya samu abin dogaro. Jinkiri a nan yana da tsada. A Auyo, nan kusa, akwai harshen Auyokawa da ya mutu bai bar abin kirki a rubuce ba.

Abin da rashin mai bita ke jawowa an gan shi a wani wuri. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke ya rubuta dubban muƙalu a Wikipedia ta harshen Scots na ƙasar Sikotilan, alhali bai iya harshen ba, kuma ya shafe shekaru yana yi da kyakkyawar niyya ba wanda ya tsawata, saboda masu harshen ba sa leƙawa. Hausa ba ta rasa masu ita ba, amma haɗarin ya ƙaru ta wata fuska. Na'urorin fassara da na ƙirƙirarriyar basira suna koyon Hausa daga abin da ke intanet, Wikipedia kuwa babban kaso ce a ciki. Na'ura ta yi gurguwar fassara, edita ya wallafa, na'ura ta dawo ta koya daga abin da aka wallafa a matsayin ingantacciyar Hausa.

Abin mamakin shi ne bita ba baƙuwar al'ada ba ce a ƙasar Haɗeja, wadda ta shahara da tsangayu. Gardi ba ya wanke allonsa sai malam ya duba rubutun, kuma alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka yakan miƙa wa 'yan'uwansa mahaddata su bi shi wasali bayan wasali, ba tare da ya ɗauki gyaransu a matsayin raini ba. Abin da ke hana mu kai wannan ɗabi'a Wikipedia, a zatona, kunya ce: edita ya san mai muƙalar, sun zauna a taro ɗaya, ƙila ma shi ya koya masa aikin, sai ya ga kuskure ya kau da kai, ko ya faɗa masa a asirce ta waya. Gyaran asirce yana kare mutunci, amma ba ya barin sawu. Wanda zai zo bayan shekara biyar ba zai san dalilin da ya sa aka zaɓi fadama aka bar dausayi ba, sai ya sake tayar da gardamar daga tushe. Shafin tattaunawa domin haka aka yi shi.

Akwai ma gardamar da ke jiran wannan shafi tun daga kan suna. Takardun gwamnati suna rubuta Hadejia, kamar yadda Turawa suka bari. Masu bin ƙa'idar rubutun Hausa suna rubuta Haɗeja, wasu kuma Haɗejiya, da ɗ mai lanƙwasa, domin haka ake furtawa. Ciyawar da ta toshe kogin ma wasu na rubuta ta kachala, wasu kacala. Muddin editoci ba su zauna sun tsayar da guda sun karkatar da sauran zuwa gare ta ba, yaron Kirikasamma zai rubuta sunan yadda yake faɗarsa a gida, akwatin bincike ya amsa masa cewa babu shafi mai wannan suna.