Ƙofar Turkiyya, ɗaurin ganin dama

Tun da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ta ja gine-gine zuwa wajen Kalgo, yayin ƙofar ƙarfe 'yar waje ya bazu har cikin Gwandu. Kowa so yake a ce ƙofar gidansa ta Turkiyya ce ko ta Sin. Ba ni da ja da hakan, ai tsaro ba abin wasa ba ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaura ta.

Mutum zai zuba kuɗi ya sayo ƙofa, sannan ya tsaya jan ciniki kan ladan birkila. Shi kuma birkilan ya jingina firam a bakin bulo, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Ta zauna, Alhaji," ya shafe da siminti. Bai saka filam ba, bai cika cikin firam ɗin da kwaɓi ba. Ƙwanƙwasa ka ji, fanko ne. Damina ɗaya ƙofa ta fara jan ƙasa, harshen makulli ba ya shiga raminsa sai maigida ya tallafo ta da gwiwa.

Daga nan sai a kira mai walda ya yanke gindinta ko ya faɗaɗa ramin makullin. An bar jaki ana dukan taiki. Ƙyauren lafiyarsa lau, firam ne ya karkace. Gyaran gaskiya sai an fasa gefen, a saki firam, a tokare shi da guntayen katako, a daidaita shi da filam ta fuska da ta gefe. A auna daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa a gicciye, dama da hagu, sai awon biyu ya zo ɗaya. Sannan a cika da kankare, a bar shi ya yi kwanaki ba a buɗe shi. In kuwa linta ce ta zauna a kai, to ita za a fara gyarawa.

Magina na da, masu soraye a tsohon garin Gwandu, azarar giginya suke jerawa bisa ƙofa ta ɗauke nauyin katanga, gara ma ba ta cika cinta ba. Yanzu har a katangar laka ake cusa ƙofa mai nauyin gaske ba tare da an tayar mata da ginshiƙin bulo ba. Wannan kam ko birkilan kirki aka samu, ranar da ruwa ya jiƙa ginin tare da firam ɗinta za ta fito.