Jinjina ga Masuntan Tafkin Kainji

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungunan Yauri da gonakinsu. Mazauna yankin, Gungawa da Sarkawa, ba su karaya ba. Sun gyara koma da birgi, suka rungumi sabon tafkin. Yau kifin banda daga Yelwa da Warra na isa kasuwannin Anacha da Legas, masuntan Nijar da Mali kuma na cin arziki tare da su. Sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta ke sasanta rikici, su tsawata kan kama ƙananan kifi, su kai kukan jama'arsu gaban hukuma. Wannan haɗin kai shi ke ciyar da dubban gidaje. Allah ya ƙara albarka, ya tsare ku a kan ruwa.