Tabar Lofe Mai Ƙamshin 'Ya'yan Itace: Sana'ar da Aka Yi wa Gurguwar Fahimta

Tsakanin masu shan lofe a Ingila da Amurka akwai hukuncin da aka daɗe da yankewa, kuma duk sabon shiga yakan tarar da shi a bakin manya: tabar da aka ƙamsasa da ceri ko tuffa ko lemo ta 'yan koyo ce. Wanda ya goge, in ji su, sai ya koma ga haɗin Ingilishi mai ƙaurin Latakiya, ko ga zallar ganyen Bajiniya. Tuhumarsu uku ce. Ƙamshin a gwangwani yake tsayawa, ba ya isa baki. Tabar tana toye harshe, tana tara ruwa a gindin lofe. Sannan kamfanoni sun mayar da zaƙin mayafin rufe ganye maras kyau. Duka ukun suna faruwa, amma a hannun maha'inci suke faruwa, kuma ba a auna sana'a da aikin maha'intanta.

Zaƙaƙa taba ya girmi lofen katakon da aka sani a yau. Matuƙan jiragen ruwa sun daɗe suna jiƙa ganye da ruwan sukari ko barasar rake, su matse shi don ya jure doguwar tafiya. Salon da ya tsiro daga nan shi ake kira Cavendish, da sunan Thomas Cavendish, Baturen Ingila da ya kewaye duniya ta teku tsakanin 1586 da 1588. A 1864 aka samu farin Burley a jihar Ohayo, ganye mai ƙarancin sukari da ke shanye duk abin da aka zuba masa, sai kamfanonin Amurka suka samu abin da suke nema. Gidan John Middleton na Filadelfiya ya fito da Cherry Blend, gidan Lane ya fito da Captain Black, Suwidin ta kawo Borkum Riff, Denmak kuwa, da gidaje irin su Mac Baren na garin Svendborg, ta mayar da abin fasaha. Ingila ce ta bi wata hanya daban, kuma dalilinta na kuɗi ne. A 1842 majalisarta ta hana zuba sukari da zuma da makamantansu a taba, domin a kan nauyin ganye ake karɓar haraji, duk abin da aka ƙara masa asarar baitulmali ne. Har ɗakin gwaji aka buɗe a Landan a wannan shekarar don kama masu gauraye. Tsarkin da ake yabon haɗin Ingilishi da shi a yau jikan dokar haraji ne.

Tsarkin ma kansa ba ya jure bincike. Latakiya ƙananan ganye ne da ake ratayewa a yi bandarsu da hayaƙin itatuwa da tsirrai masu ƙamshi na tsawon watanni, a da a Siriya, daga baya galibi a tsibirin Saifurus. Ke nan ƙaurin da ake tinƙaho da shi daga waje ya shigo ganyen. Me ya halatta hayaƙin itace ya haramta ɗan itacen? Perique, da ake matsewa a ganguna a yankin St. James na Luwiziyana har ya ruɓa ya yi baƙi, da me masoyansa ke yabonsa? Da ɗanɗanon zabibi da busasshen ɓaure. A cikin Ingilar ma, gidajen Samuel Gawith da Gawith Hoggarth na garin Kendal ba su taɓa daina turara tabarsu da ƙamshin furanni ba, Erinmore kuwa, wanda gidan Murray na Belfast ya fara yi, hoton abarba ne a kan gwangwaninsa. Masu sukar nan suna son ɗan itace a lofensu. Sunansa a jikin gwangwani ne ba sa so.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne yadda ƙamshin ke shiga ganye, domin hanya biyu ce, kuma kusan duk rigimar daga rashin bambanta su take tasowa. Ta farko tsimi ce. Tun kafin a yanka ganye ake jiƙa shi da ruwan da aka narka sukari ko maɗin rake ko zuma a ciki, wani lokaci da koko ko ruwan 'ya'yan itace, a bar shi ya sha, a busar, a matse. Ta biyu feshi ce. Bayan an yanka taba an gama komai, sai a fesa mata sinadarin ƙamshi da aka narka a barasa, barasar ta tashi, ƙamshin ya zauna a bayan ganye. Tsimi yana gyara ɗanɗano, feshi yana gyara abin da hanci ke ji in an buɗe murfi. Kusan kowace tabar lofe, har da wadda ake kira zalla, tana da ɗan tsimi. Taba mai arha ita ce wadda aka yi wa tsimi kaɗan aka labta mata feshi.

Aikin salon Cavendish shi ne ya haɗa hanyoyin biyu su zama abu ɗaya. Ana turara ganye da tururi mai zafi, a danne shi a matsi, a bar shi ya kwana ya tashi har launinsa ya koma baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Zafin yana narkar da sukarin da ke cikinsa, ya kawo gardi irin na abin da aka toya, ya kuma kwantar da maƙaƙin ganyen da kaifinsa. Abin da ke fitowa ganye ne mai laushin hali, mai ƙonewa a hankali, wanda ƙofofinsa suka buɗe. In aka ba shi ceri ko zabibi a wannan matakin, har cikin jijiyarsa yake shiga. Gwanayen Denmak a nan suka fi kowa: sukan ɗora ƙamshi a kan baƙin Cavendish, su kawo Bajiniya mai haske ya ba da ɗan tsami da zaƙin asali, su ƙara Burley ya riƙe jiki. Kowane ganye da aikinsa, ɗan itacen kuma ba shi kaɗai ke ɗauke da kayan ba.

Lofe da kansa yana tona asirin wanda ya yi wannan aiki da wanda ya tsallake shi. Wuta daga sama take cin taba, hayaƙi mai zafi kuwa ta cikin ganyen da bai riga ya ƙone ba yake bi kafin ya iso baki. Wannan zafin yakan kori duk ƙamshi mai saurin tashi tun kafin garwashi ya iso gare shi. Shi ya sa kashi na farko na lofe yake cike da ɗan itace ko da tabar ta banza ce. A kashi na biyu feshi ya tafi, saura abin da aka tsima. A kashi na uku babu abin da ya rage sai ganyen. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Taba mai kyau takan sauya a hankali, ceri ya koma zabibi, zabibi ya koma gardin koko, ta ƙare a busasshiyar toka. Maras kyau takan fara da ƙarfi ta ƙare a iska mai zafi da laka mai ɗaci. Mai sukar da ya sha ta biyun ya yanke hukunci a kan ta farkon bai yi adalci ba.

Ceri ne ya fi kowane ɗan itace wuyar sha'ani, kuma shi ya fi jawo wa sana'ar baƙin jini. Yawancin ƙamshin ceri na kanti daga sinadarin benzaldihaid yake, wanda ake samu a ƙwallon ɗan itacen, kuma shi ne dai ake zuba wa magungunan tari da yawa. In ya yi yawa, kantin magani mutum zai tuna. Gwani yakan rage shi ya tallafe shi da banila da ɗan koko, ya jingina shi da baƙin Cavendish, har ya koma kamar busasshen ceri mai duhu. Lemo matsalarsa daban ce: man ɓawonsa yana saurin tashi, don haka sai a kan Bajiniya mai haske yake daɗewa, ganyen da dama yana da ɗan tsamin da ke kama da nasa.

Daga nan nake fitar da ƙa'idar da nake auna kowane haɗi da ita: ɗan itacen da zai zauna a taba sai yana da dangi a cikin ganyen. Zabibi da ɓaure da dabino da busasshen ceri 'yan'uwan ganyen da aka matse ya tsufa ne. Lemo ɗan'uwan Bajiniya ne. Koko da kwakwa suna jituwa da gardin Burley. Kankana da ayaba da mangwaro ba su da kowa a gidan, shi ya sa duk yawan abin da aka fesa, a waje suke tsayawa, wuta na zuwa su gudu. Mai haɗin kirki yana sauraron abin da ganye ya riga ya fara faɗa ne, ya ɗaga masa murya.

Toye harshe kuwa akasarinsa laifin danshi ne. Kamfanoni kan zuba sinadarin furofilin gilaikol don taba ta daɗe a kanti ba ta bushe ba. Jiƙaƙƙen ganye ba ya kama wuta da sauƙi, sai mai sha ya yi ta zuƙa da ƙarfi, tururi mai zafi ya daki harshe. Masu shan irin wannan taba sukan shanya ta kaɗan kafin su cika lofe, su kuma ware mata lofe nata, sau da yawa na totuwar masara irin wanda ake yi a Mizuri tun 1869, domin katako yana riƙe ƙamshi ya ɓata tabar da za ta biyo baya.

Saura tuhumar farko, cewa ƙamshin ba ya isa baki, na gefe ya fi mai lofen jinsa. Gaskiya ce. Harshe zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri yake rarrabewa, sauran aikin na hanci ne, hancin mai sha kuwa yakan saba da ƙamshin cikin 'yan mintoci ya daina jinsa. Masu suka sun ɗauki wannan aibi, ni kuwa a nan nake ganin manufar abin gaba ɗaya. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani. Ya san turaren wuta na matan Barno, yadda ake soya itace da sukari da turaruka a rufe shi ya tsimu, ya san bambancinsa da wanda aka yayyafa wa turare da safe aka kai kasuwa, ya kuma san cewa wadda ta zuba shi a kasko don ɗaki da baƙi ta zuba. Haɗin Latakiya taba ce ta mutum shi kaɗai, mai sha yana jin daɗi mutanen gida suna buɗe taga. Taba mai ƙamshin 'ya'yan itace ita ce wadda aka haɗa ana tuna cewa akwai wasu mutane a wurin.

Wannan ba ya nufin ƙamshi yana wanke guba. Hayaƙin lofe, da ceri ko babu, yana jawo sankarar baki da maƙogwaro da huhu, nikotin ɗinsa yana kama mutum, na kusa ma yana shaƙar cutarsa, kuma daɗin ƙamshi yana iya sa a manta da hakan. Fargabar cewa zaƙi yana jan yara gaskiya ce, mun gani da idonmu yadda shisha mai ƙamshin tuffa ta shiga samarin biranenmu. Amurka ta hana irin waɗannan ɗanɗano a sigari a 2009 in ban da na'ana'a, Tarayyar Turai ta bi sahu da dokarta ta 2014, dukkansu kuma suka bar tabar lofe a waje. Wanda bai fara sha ba, babu haɗin da ya kai ya fara dominsa. Maganata ga masu nazarin sana'ar ce, waɗanda ke rarraba daraja tsakanin haɗi da haɗi.

Gare su nake cewa sun jera abin a kife. Gauraya Latakiya da Bajiniya da ganyen gabas aikin awo ne, kuma ƙaurin Latakiya yana rufe kurakurai da dama. Haɗin 'ya'yan itace ba shi da maɓoya. Dole ganye ya yi kyau, domin shi zai rage a ƙarshe. Dole tsimi ya shiga, danshi ya daidaita, ɗan itace ya dace da ganyensa, sannan a gamsar da hanci biyu a lokaci ɗaya, na mai sha da na wanda ke zaune kusa da shi. Yawan gurɓatattun haɗe-haɗe a kanti shaida ce ta wahalar aikin. Duk mai son sanin ƙwarewar wani gidan taba, ya fara da haɗinsu na ceri, ya bi shi har gindin lofe.