Masu Sa Kwamfuta Ta Yi Magana da Bakin Kalangu

Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara bin kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure a shekarun 1970, manoman yankin suka samu kaka biyu: shinkafa da damina, tumatir da alkama da rani. Kuɗin amfanin gona na shigowa, bukukuwan aure na biyowa, kuma a yau da wuya a yi biki ba a saki waƙar da ta ambaci ango da amarya ba. Kiɗan nan galibi ba taron makaɗa ne suka buga shi ba. Saurayi ne guda a ɗan ƙaramin situdiyo, da kwamfuta da manhajar FL Studio, ga janareta na ruri a waje.

Masu shekaru za su tuna zamanin fiyano. A shekarun 1990 situdiyoyin Kano sun dogara da Yamaha PSR, kuma waƙoƙin fim ɗin Sangaya na 1999 sun sa wannan amo ya shiga kowane gida. Sai dai sautukan fiyanon a masana'anta aka ɗura su. Makaɗi zaɓa kawai yake yi, ya ɗauki wanda ya fi kusa da sarewa ko ganga. Gwanin yau ƙera sautin yake yi daga tushe, da manhajoji irin su Serum, wadda ta fito a 2014, ko Vital da ake samu kyauta.

Yana farawa da girgiza tsura. Akwai mai santsi, kamar busar sarewa. Akwai mai siffar haƙoran zarto, mai kaushi da kaifi, wadda daga ita ake fitar da goge da algaita. Daga nan sai mataci, wanda aikinsa ya yi kama da ƙofar kanal: a buɗe ta sosai kaifin sautin ya kwararo, a rage ta ya koma laushi da duhu. Sannan ya tsara rayuwar sautin: yadda zai faɗo, yadda zai sauka, tsawon zamansa, da yadda zai mutu. Bugun ganga faɗowa yake yi nan take ya ɓace. Goge kuwa a hankali yake shigowa, don sai izgar ta kama tsirkiya.

Inda ake gane gwani shi ne kalangu. Mai kalangu na matse tsarkiyar a hammata, fatar ta ɗaure, muryar ta hau. Ya sassauta, ta sauka. Da haka yake kiran suna da kirari, domin Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Kwamfuta kuwa ba ta san wannan ba, kowane sauti a matakinsa take ajiye shi ƙyam. Dole mai haɗa kiɗan ya zana wa kowane bugu lanƙwasarsa da hannu: wannan ya zame sama, wancan ya faɗo ƙasa a cikin ƙiftawar ido. Idan ya kuskure kaɗan, Bahaushe zai ji ganga ce kawai ake bugawa. Idan ya dace, tsohuwa a tsakar gida za ta ɗago kai ta ce an kira sunan jikarta. Wannan ba ya cikin littafin kowace manhaja; kunne ne da ya tashi cikin kiɗan biki.

Gwanayen kuma ba sa ƙyamar datti. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos yana da ƙarfen da ke karkarwa tare da kowane taɓi, goge na da gurzar izga. Don haka da gangan suke zuba ɗan shuuu a cikin sautin, su sa shi rawa kaɗan bayan ya fara. Sauti mai tsabta fes, a ganina, shi ne alamar ɗan koyo.

Akwai kuma dabarar waya. Yawancin masu sauraro a kasuwar Kura ko a bakin gona ta lasifikar waya za su ji waƙar, ita kuwa ba ta iya fitar da amo mai zurfi. Sai gwanin ya ɗan ƙona sautin ƙasan, ya haifar masa da 'ya'yan amo a sama, kunne ya ji su ya cike gurbin da kansa. Shi ya sa kafin ya miƙa aiki yake tura waƙar cikin wata tsohuwar waya ya saurara, ya koma ya gyara.