Ƙafa daban, baki daban

Duk ranar da Real Tamale United ta sha kashi, hirar teburin mai shayi a bakin kasuwar Aboabo ba ta wuce ɗaya: a sallami koci, a kawo tsohon ɗan wasanmu da ya san nauyin rigar. Na daɗe ina cikin masu wannan ihun. Yanzu na ja baya.

Wani filin ƙura a bayan unguwarmu ne ya sauya mini tunani. Akwai wani tsohon ɗan wasa da ke horar da yara a can bayan la'asar. A zamaninsa ba a tare shi. Na ga ya karɓi ƙwallo da ƙirji, ya sauke ta a kan ƙafa kamar ya ajiye ƙwai, ya juyo ya ce wa wani yaro, "Ka gani? Haka kawai." Yaron ya gwada sau biyar, ƙwallon na tsere masa. Kocin ya yi tsaki, ya sake nunawa, da kyau fiye da na farko. Bai ce masa ya sassauta ƙirji ba, bai ce ya ɗan ja baya idan ƙwallon ta iso ba. Ina jin shi kansa bai san yana yin haka ba. Jikinsa ne ya sani.

Ba wai tsohon ɗan wasa ba ya koci ba ne. Stephen Keshi ya ɗauki kofin Afirka da ƙafarsa a 1994, ya sake ɗauka daga benci a 2013. Amma ni Ibrahim Tanko nake nuna wa abokan gardamata. Yana cikin 'yan Borussia Dortmund a shekarar da suka ci kofin zakarun Turai, 1997, amma da ya rataye takalmi sai ya koma mataimaki, ya bi koci Volker Finke har Japan da Kamaru, kafin ya riƙe 'yan ƙasa da shekara 23 na Gana. Nan kasuwar ma, wane tela ne ya buɗe shago bai yi shekaru yana wa maigida kalmasa ba?

Jiya na tsaya bayan atisaye na ce wa kocin yaran nan, "Yaya, da ka faɗa wa yaron da baki." Ya dube ni, ya yi dariya, ya ce shi ba wanda ya taɓa faɗa masa.