Ladu da Turanci: nazari a kan fim ɗin English Vinglish

A shekarar 2012 Gauri Shinde ta fito da fim ɗinta na farko, English Vinglish, wanda ya maido Sridevi fagen wasa bayan shekara 15. Ta fito a matsayin Shashi, matar aure a birnin Pune na jihar Maharashtra, mai yin ladu a gida tana sayarwa. Mijinta da ɗiyarta suna yi mata ba'a don ba ta jin turanci, mijin ma yana faɗa gaban mutane cewa don ladu aka haife ta.

Ladu ba ƙaramin aiki ba ne. A irin wanda ake kira bundi, ana dama garin wake da suke ce wa besan, a tsiyaya shi ta matsami cikin man shanu mai zafi, ya fito ƙwaya-ƙwaya. Sai a jiƙa shi a ruwan sukari, a mulmula tun da ɗuminsa. In ruwan sukarin ya yi kauri, ladun ya ƙandare. In ya tsinke, ya ƙi ɗaurewa. A Maharashtra, lokacin bikin Diwali, ana haɗa shi da cakali mai gishiri da yaji, da ciwda na soyayyar shinkafa, da karanji mai kwakwa, a rarraba wa dangi da maƙwabta. Ilimi ne da uwa ke bar wa ɗiya.

Shinde ta gane wannan rainin sarai. Ta sa a bakin Shashi cewa girkin namiji ake kira fasaha, na mace kuwa ana ɗaukarsa aikinta ne kawai. Haka nan da ɗanta ya ɓarar da ladun bikin ɗiyar yayarta a Niyok, ta zaɓi sake yin wani, ta bar jarrabawar ajin turanci.

Amma fim ɗin ya faɗa ramin da yake nunawa. Shashi ba ta fara ganin kanta da daraja ba sai da malaminta ya laƙaba mata kalmar turanci mai nufin mai sana'ar kanta. Iyalinta ma ba su sunkuyar da kai ba sai da ta yi jawabi da turanci wurin ɗaurin aure. Ladun da suka ci shekara da shekaru bai isa hujja ba. Jaridar Hindi da ta nema cikin jirgin komawa gida ba ta goge wannan ba.

Malaman da za su nuna wa ɗalibai wannan fim, ya kamata su tsaya nan. Mu ma muna da mata masu alkaki da nakiya waɗanda gwanintarsu ba ta shiga lissafi sai an fassara ta da faransanci. A tambayi yara: wa ya kamata ya koma makaranta, Shashi ko mijinta?