Manoma Goma, Mudu Ɗaya: Ina Gizo ke Saƙar a Jera Furotin?

Mai karatu, ka san cutar sikila. Tushenta amino asid ɗaya ne tak, na shida cikin 146 na sarƙar beta ta hemogulobin, inda balin ya maye gurbin gulutamik asid. Ana ganin irin wannan bambanci ne idan aka jera furotin layi-layi, harafi a ƙarƙashin harafi. Jera guda biyu ba wuya. Amma in sun kai hamsin, daga halittu mabambanta, wasu da giɓi a tsakiya, hanyoyin jerawar sun fi ƙarfin kowace kwamfuta ta gwada su duka.

Shi ya sa wasu suka koma ga jenetik algoridim, wato lissafi mai kwaikwayon gado. Ka ɗauki manomin Kutama da ke ware manyan zangarniyoyin dawa don irin baɗi. Haka manhajar ke yi: ta ƙirƙiri jeri da yawa, ta ba kowanne maki, ta haɗa nagartattu su haifi sababbi. Cédric Notredame da Desmond Higgins sun fitar da irin wannan manhaja, SAGA, a 1996. Da yake tana da nawa, sai aka riƙa raba aikin ga kwamfutoci da yawa, kamar manoma goma kowa da gonarsa, lokaci-lokaci su yi musayar iri a kasuwar Gwarzo.

Dabarar ta burge, amma ga inda nake da ja. Duk manoman nan da mudu ɗaya suke awo. Makin ya dogara ne kan jadawali irin BLOSUM62 na 1992 da kuma tarar da aka ɗora wa kowane giɓi, kuma mutum ne ya zaɓe su. Jerin da ya fi maki ba lallai ne ya dace da ainihin siffar furotin ɗin ba. In mudun ya karkace, ƙarin kwamfutoci zai kai ka ga amsa marar kyau ne da wuri, shi ke nan.

Na biyu, akwai caca a ciki. Ka gudanar da aikin yau, ka maimaita gobe, kana iya samun jeri daban. Wanne za ka gina bincikenka a kai?

Ka lura, Notredame da Higgins ɗin da kansu, tare da Jaap Heringa, sun fitar da T-Coffee a 2000, wadda ba ta bin wannan hanya. Ga MAFFT ta 2002 da MUSCLE ta 2004, kyauta ne, kuma laftof ta ishe su. Ga ɗalibin da ke sayen man janareto da kuɗin aljihunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ban ce a jefar da dabarar ba. Tana da amfani wajen gwada sabon ma'auni. Amma duk takardar da ta yi maka alfahari da sauri, tambaye ta: an gwada ta a BAliBASE, inda aka jera furotin bisa siffarsu ta zahiri? Ta doke MAFFT a can? In babu amsa, riƙe kuɗin manka.